Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Binciken Tsaro Da Makomar 'Ya'yanmu Masu Neman Aikin Gwamnati

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)

 Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta dama ya ce wani abu a gaban mutanen da da yawa daga cikinsu sun fi shi ilimi da muƙami, ko da yake wasunsu sun taɓa shan bulalarsa.

Maganar da zan yi ta shafi wata ƙofa ce wadda 'ya'yanmu ke bi idan suna neman aikin soja, ko ɗan sanda, ko kwastan, ko shige da fice, ko kuwa idan ɗaya daga cikinku ya kai matsayin da za a ba shi babban muƙami. Kowace shekara muna jin labarin yaron da ya ci jarrabawa, ya yi gudu ya wuce, likita ya duba shi ya ce lafiyarsa ƙalau, amma da sunaye na ƙarshe suka fito sai a nemi nasa a rasa. Nan da nan sai mu ce ai ba shi da ubangida. Wani lokaci gaskiya ne, kuma ba na cikin masu musun haka. To amma akwai matakin da ba mu cika lura da shi ba saboda ba a yin sa a fili, wato binciken tsaro, inda ake bin diddigin mutum a ga ko ya cancanci a damƙa masa makami ko sirrin ƙasa. Tambayoyi biyu ne a cikin wannan bincike suka fi firgita matasanmu: ko kana da dangi a wata ƙasa, da kuma ko kotu ta taɓa samun ka da laifi. Firgitar nan ita ke sa yaro ya rubuta abin da ba shi ne ba, kuma a ganina wannan rubutun ya fi kayar da mutanenmu fiye da dangin ko laifin.

Bari mu fara sanin masu binciken. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a shekarar 1976, gwamnati ta kafa hukumar tsaro ta ƙasa wadda aka fi sani da NSO, wadda marigayi Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, ya shugabanta daga 1979 zuwa 1983. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe ta, ta raba aikinta gida uku: hukumar tsaron cikin gida wadda muke kira jami'an farin kaya ko DSS, da hukumar leƙen asirin ƙasashen waje, da ta leƙen asirin soja. Jami'an farin kaya su ne ke tantance mafi yawan waɗanda za a naɗa manyan muƙamai, kuma suna da ofishi a ƙananan hukumomi, har da namu. Soja da 'yan sanda kuwa kowa yana da nasa sashen da ke duba waɗanda zai ɗauka. Harkar ba baƙuwa ce gare mu ba, tun da ɗan gidan Dogon Daji, Kanar Sambo Dasuki, ya riƙe ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro daga 2012 zuwa 2015.

Yanzu sai batun dangi a ƙetare, kuma a nan ina roƙon ku yi mini haƙuri in ɗan koma aji.

Iyakar da ke tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ba kakanninmu suka shata ta ba. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun ɗora tsinin alƙalami a kan birnin Sakkwato a taswira, suka zana baka mai nisan mil 100 daga tsakiyar garin, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai suka nemi gyara, aka gyara a 1904 da 1906, sa'annan tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa duwatsun iyaka. Da aka gama, Birnin Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Illela ta zauna a namu. Gobirawan Tsibiri suka rabu da na Sabon Birni, Arawan Dogon Dutsi suka rabu da na Kangiwa, Gaya ta rabu da Kamba. Babu wanda ya tambayi mai rijiya ko mai gona.

Ku dubi garin Tambuwal kansa. Ribaɗi ne wanda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya riƙe, kuma zuriyarsa ce ke sarautar garin. To Shehu, Allah ya jiƙansa, an haife shi ne a Maratta a shekarar 1754, kuma Maratta a yau tana cikin ƙasar Nijar. Ashe da za a miƙa wa Buhari ɗan Shehu irin fom ɗin da ake miƙa wa yaranmu, inda aka tambayi garin da aka haifi mahaifinsa, sai ya rubuta sunan wani gari na ƙasar waje. Haka nan bayan yaƙin Burmi na 1903, mutanen daular nan da yawa sun yi gabas, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, inda jikokinsu suke har yau. Ga fataken goro da suka zauna a zangon Kumasi da Salaga, waɗanda wasunsu suka dawo mana da iyalansu lokacin da gwamnatin Ghana ta kori baƙi a ƙarshen 1969. Ga waɗanda suka tafi aikin hajji da ƙafa suka zauna a Makka da Madina. In aka ce duk wanda ke da jini a wajen Najeriya ya fita daga zauren nan, ina jin kujeru za su rage mu yi wa jawabi.

Me doka ta ce? Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 a bayyane yake. Duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in dai ɗaya daga cikin iyayensa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa huɗu, ɗan Najeriya ne, to shi ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa. Wanda aka haifa a waje kuma, in uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, shi ma haka. Ku lura, tsarin mulki bai bambanta uwa da uba a nan ba. Sashe na 42 ya ƙara da cewa ba za a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi ba saboda yanayin haihuwarsa kawai. Saboda haka yaron da aka haifa a Sanyinna ko Kuchi, mahaifiyarsa 'yar Ƙonni, ya cika sharaɗin da hukumomin soja da 'yan sanda ke sanyawa a tallarsu na cewa sai ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa. Ba alfarma aka yi masa ba.

An gwada wannan magana a kotu, kuma manyan cikinmu za su tuna. A watan Janairun 1980, zamanin mulkin marigayi Alhaji Shehu Shagari, jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, suka kai shi suka ajiye a ƙasar Chadi, bisa hujjar cewa mahaifinsa mutumin can ne. Babbar kotun Maiduguri ta saurari shaidu, ta gamsu cewa mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ta soke korar, ta kuma umarci a biya shi diyya. A 2019 ma an ji lauyoyi suna gaya wa kotun ƙararrakin zaɓe cewa Alhaji Atiku Abubakar ba ɗan ƙasa ba ne ta hanyar haihuwa, wai don an haife shi a Jada a 1946, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da yankin cikin Najeriya. Kotu ba ta karɓi wannan hujja ba. Marigayi Muhammadu Buhari kuwa, wanda ya kai Manjo Janar a soja, ya mulki ƙasar nan sau biyu, shi da bakinsa ya faɗa a wata hira ta talabijin a 2021 cewa yana da 'yan'uwa na jini a Nijar. Ina kawo waɗannan misalai ne ba don siyasa ba, na san a zauren nan kowace jam'iyya tana da mutanenta. Ina kawo su ne don matashin da ke zaune can baya ya san cewa kawunsa na Dogon Dutsi ba abin kunya ba ne, kuma ba abin ɓoyewa ba ne.

To amma kada in yaudare ku. Akwai wuraren da zumuncin ƙetare ke da nauyi sosai, kuma na farkonsu aure ne. Ƙa'idojin aikin soja da aka sabunta a 2024 sun hana hafsan soja auren wadda ba 'yar Najeriya ba, har ma da wadda ta samu zama 'yar ƙasa ta hanyar nema, kuma wajibi ne hafsa ya nemi izini kafin ya yi aure, a binciki wadda zai aura. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mu mutane ne masu auren zumunci. Uba yakan yi wa ɗan'uwansa alkawarin ɗiya tun tana goye, ba tare da tunanin wace takarda za ta riƙe in ta girma ba. Idan yarinyar da aka haifa a Nijar ko Ghana uwarta ko ubanta ɗan Najeriya ne, to ita 'yar ƙasa ce ta hanyar haihuwa, sai dai a nema mata takardun da za su tabbatar da haka tun kafin a kai gaisuwa. Idan kuwa alaƙarta da Najeriya ta tsaya a kan kaka ne kawai, sashe na 26 ya sa ta cikin masu neman rajista, kuma a nan ne matsala take. Uban da ɗansa ke kwalejin hafsoshi ta Kaduna ya kamata ya san wannan kafin ya sa yaron a tsakanin biyayyar iyaye da aikinsa.

Na biyu shi ne halin da iyakar take ciki. Tun juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami. An rufe iyaka, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024, Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta sanar da ɓullar Lakurawa a yankin Tangaza da Gudu, a watan kuma suka kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie. Mu da muke kudancin jiha muna ganin abin yana nesa, sai ga shi a daren 25 ga Disamban 2025, lokacin da Amurka ta kai hari ta sama a jihar nan, ɓarɓashin makami ya faɗo a Jabo, sunan ƙaramar hukumarmu ya shiga kafafen labarai na duniya. Jami'in da aka miƙa wa fayil ɗin yaron da ya fito daga jihar Sakkwato a irin wannan lokaci zai karanta shi sau biyu. Hakan ba daɗi, amma haka abin yake.

Abin da mai bincike ke nema a fayil ɗin shi ne hanyar da za a iya juya mutum. Shin ɗan'uwan nan na ƙetare ma'aikacin gwamnatin can ne, ko soja, ko manomi? Sau nawa kuke magana? Kuɗi na shiga tsakaninku? In aka kama shi aka matsa masa, za a iya matsa maka ta hanyarsa? Amurkawa sun rubuta irin waɗannan tambayoyi a fili cikin ƙa'idoji goma sha uku da suke auna masu neman izinin ganin sirrin gwamnati da su, waɗanda aka sabunta a 2017, kuma ya kamata 'ya'yanku da ke zaune can su san da su. A ƙa'idojin nan, samun dangi a waje abin dubawa ne wanda ake iya warwarewa da bayani, ana kuma la'akari da daɗewar laifi da shekarun mutum lokacin da ya aikata shi. Amma yin ƙarya da gangan a fom babi ne mai zaman kansa, kuma laifi ne a dokar ƙasar. Hikimar a fili take. Sirrin da ka faɗa wa hukuma da bakinka, babu wanda zai sake tsorata ka da shi. Wanda ka ɓoye kuwa ya zama igiya a wuyanka, duk wanda ya gano bakinta zai ja ka inda ya ga dama.

Wannan ya kawo ni ga batun ƙananan laifuffuka, inda na fi ganin iyaye suna kuskure da kyakkyawar niyya.

Da yawa daga cikinmu ba mu bambanta kamu, da tuhuma, da hukunci. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Wanda 'yan sanda suka kama suka sake, ko aka kai shi kotu aka sallame shi, ba a same shi da laifi ba. Amma wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce na amsa, aka ci shi tarar naira dubu biyu ya biya ya tafi gida, wannan an same shi da laifi, ko da bai kwana gidan yari ba. Ga yadda abin yakan faru. Samari sun yi faɗa a filin ƙwallo, ko a wurin gangamin siyasa, ko an kama yaro da ƙullin wiwi ko kwalbar kodin a aljihu. Uba ya zo ofishin 'yan sanda cikin kunya, so yake a gama kafin gari ya ji. Sai wani mai ba da shawara ya ce a bar yaron ya amsa laifi, tara ce kawai, yau ɗin nan zai kwana gida. Uban ya yi murna ya biya. Bayan shekara huɗu fom ɗin soja ya fito, an rubuta ƙarara cewa ba a son wanda kotu ta taɓa samu da laifi. Ranar ce uban zai gane tsadar tarar da ya ɗauka mai arha. Roƙona ga lauyoyinmu na birni shi ne, in an kira ku daga gida a kan irin wannan ƙaramar shari'a, kada ku raina ta. Sulhu tsakanin iyalai kafin a kai ga hukunci, a laifin da doka ta yarda a sasanta, yana iya ceton aikin rayuwar yaro gaba ɗaya.

Kada kuma a dogara da cewa takardun ƙaramar kotu ɓacewa suke yi. Da can haka ne. Yanzu dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi rumbun ajiye bayanan masu laifi a hedikwatar 'yan sanda da kowace rundunar jiha, ga lambar BVN da aka soma a 2014, ga lambar NIN da aka wajabta haɗawa da layin waya tun Disamban 2020, dukkansu ɗauke da zanen yatsu. Daga nan ma wani sabon tarko ya fito wanda iyayenmu ba su sani ba. Yaro ya ba abokinsa aron asusun banki a turo masa kuɗi, ko ya yi wa wani rajistar layin waya da lambarsa saboda kara. In kuɗin nan na fansa ne, ko an yi amfani da layin wajen kiran iyalan wanda aka sace, sunan mai asusun ne zai bayyana. Mutanen Kebbe da ke maƙwabtaka da dazuzzukan Zamfara sun fi ni sanin nauyin wannan magana. Haka abin da yaro ya rubuta a Facebook yana ɗan shekara goma sha bakwai, yana nan yana jiran wanda zai karanta.

Me ya sa hukuma ke damuwa da ƙaramin laifi? Akwai dalili, kuma adalci ne a faɗe shi. James Ibori an same shi da laifin sata a wani kanti da yake aiki a Landan a 1991, aka ci shi tara, a 1992 aka sake samun sa da katin banki na sata. Ya dawo gida, bai bayyana ko ɗaya ba, ya zama gwamnan jihar Delta a 1999. A 2012 wata kotun Landan ta ɗaure shi shekara 13 a kan dukiyar jihar. Duk mai binciken da ya san wannan labari ba zai ɗauki ƙaramar sata da wasa ba. Duk da haka ina da ja a kan yadda ake yi wa talaka. Sashe na 66 ya hana wanda aka samu da laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa na tsawon shekara goma ne kawai, bayan nan ƙofa a buɗe take. In har wanda zai yi wa ƙasa doka ana yafe masa bayan shekara goma, ban ga dalilin da zai sa yaron da aka ci tara kan faɗan ƙwallo a rufe masa ƙofar kurtu har abada ba. Ingila ta yi doka tun 1974 wadda ke shafe ƙananan laifuffuka daga tarihin mutum bayan wasu shekaru, ko da yake ta ware ayyukan tsaro. Wannan magana ce da ya dace wakilanmu na majalisa su ɗauka. Kafin nan, sashe na 212 ya ba gwamna ikon yin afuwa a laifin da ya shafi dokar jiha, bayan shawarar kwamitin jinƙai, kuma ba a ce afuwar ta manya ce kaɗai ba.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi kusa da sana'ata, wato takardu. Na yi shekaru ina riƙe da rajistar shiga makaranta, kuma babu shekarar da wani uba bai zo ofishina yana roƙon in rage wa ɗansa shekara biyu ko uku ba. Ba mugun mutum ba ne, so yake yaron ya daɗe yana cin albashi. Amma a yau takardar firamare ta ce 2001, ta jarrabawar sakandare ta ce 2003, NIN ta ce 2004, takardar rantsuwar kotu ta zo da nata. Jami'in da ya jera su a tebur ba ya bukatar zuwa ƙauyenku, ya riga ya gama. Ga kuma rikicin sunaye. Mu a wurinmu Abubakar da Garba da Buba mutum ɗaya ne, Usman da Shehu haka, Muhammadu da Mamman haka. Wani ya sa sunan uba a takarda ɗaya, a wata ya sa sunan gari, ya zama Tambuwal ko Jabo ko Dogon Daji kamar yadda muka gada tun zamanin midil. Kwamfuta ba ta san Garba shi ne Abubakar ba, kuma ba ta jin rantsuwa.

Manya ma takarda ta kayar da su. Alhaji Salisu Buhari ya zama kakakin majalisar wakilai a 1999, bai cika wata biyu ba ya sauka, bayan da aka gano ya ƙara wa kansa shekaru ya kuma yi iƙirarin digirin jami'ar Toronto da bai samu ba. Labarin Kemi Adeosun ya fi ba ni tausayi. An haife ta a Landan, ta yi karatu a can, ta zama ministar kuɗi a 2015, ta sauka a Satumban 2018 saboda takardar yafe hidimar ƙasa da ta gabatar ta jabu ce, wadda ta ce wasu ne suka samo mata. A 2021 babbar kotun tarayya ta yanke cewa tun farko ma ba ta bukatar takardar. Haihuwarta a ƙasar waje ba ta hana ta kujerar minista ba, takardar da aka nemo don toshe wata kafa da babu ita ce ta raba ta da kujerar.

Akwai wani laifin kuma da yake namu ne mu jama'ar gari, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai bincike yakan zo gari ya tambayi hakimi, da mai unguwa, da tsohon hedimasta, da maƙwabta. Fom ɗin ɗaukar aiki yana da shafin mai tsaya wa yaro, inda ake neman sa hannun basarake, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko babban ma'aikaci, da hotonsa. Da yawa daga cikinku da ke birni kuna sa hannu a kan fom ɗin yaron da ba ku taɓa gani ba, don an aiko shi daga gida, ba ku tambaye shi komai ba. Ku zaunar da shi minti goma. Ku karanta abin da ya cike. In kun san mahaifiyarsa 'yar Gaya ce, kuka ga ya rubuta wani gari, ku sa ya gyara a gabanku. A ɗaya gefen kuma akwai masu rubuta takardar koke ba suna. Ɗan wane ya samu shiga, sai wani ya zauna da dare ya rubuta wa hukuma cewa ai Banijare ne, ko ɗan daba ne, saboda rikicin gona ko na sarauta ko na siyasa tsakanin iyaye. Sashe na 217 ya ce dole rundunar soja ta nuna kowane ɓangare na ƙasa, wato jiharmu da ƙananan hukumominta 23 suna da kasonsu. Idan takardar nan ta kayar da yaron, gurbin ba gidan marubucin zai koma ba, sau da yawa ma ba garinmu zai zauna ba.

Abin da ke ba irin wannan takarda ƙarfi shi ne sirrin da ke lulluɓe da binciken, kuma nan ne nake ganin hukuma tana da gyara. A Disamban 2016 da Maris na 2017 majalisar dattawa ta ƙi amincewa da Ibrahim Magu a matsayin shugaban hukumar EFCC bisa rahoton jami'an farin kaya. A Agustan 2023 ta tabbatar da mutum 45 cikin 48 da aka aika mata don zama ministoci, ta jingine uku, har da Malam Nasiru El-Rufa'i, tana cewa ana jiran sakamakon binciken tsaro. Waɗannan manya ne masu lauyoyi da 'yan jarida. Ɗan manomin Romon Sarki kuwa ba ma wanda zai gaya masa a wane mataki ya faɗi. A Amurka, ma'aikacin kamfanin da ke hulɗa da ma'aikatar tsaro in za a hana shi izini, ana ba shi dalilan a rubuce, ya kare kansa gaban alƙali, ana kuma buga hukuncin bayan an cire sunansa don na baya su koya. Ban ce a tona asirin masu ba da labari ba. Cewa na yi a gaya wa mutum zargin da ake yi masa, ya kawo takardar haihuwar uwarsa ko kwafin hukuncin da ya wanke shi.

Shugaba, ina da roƙo ga ƙungiya. A cikinmu akwai lauyoyi, akwai tsofaffin hafsoshi da tsofaffin jami'an tsaro da suka yi ritaya suna zaune ba a tambayarsu komai. A haɗa mutum biyar ko shida daga cikinsu su riƙa zama a Tambuwal da Kebbe lokacin dogon hutu, tun kafin fom ya fito, su duba takardun 'yan ajin ƙarshe na sakandare, a daidaita suna da ranar haihuwa tun gyaran yana da sauƙi. Rajistar haihuwa ta zama tilas tun dokar 1992, amma har yanzu mata na haihuwa a gida ba a kai sunan jariri ofishin hukumar ƙidaya, kuma wannan aiki ne da reshen mata na ƙungiya zai fi mu iyawa, tun da su ke zuwa suna.

Sai tsofaffin rajistocin makarantunmu na firamare. A cikinsu akwai sunan kowane yaro, da sunan ubansa, da unguwarsu, da ranar da aka sa shi makaranta, da rubutun hannun malaman da yawancinsu sun rasu. Ga mutumin da ba a yi wa takardar haihuwa ba, sau da yawa layi ɗaya a cikin littafin nan shi ne shaida mafi tsufa cewa a garin nan ya tashi. Na ga wasu daga cikinsu a ƙasan kabad, gara ta cinye kusurwa, ruwan damina ya wanke tawada. Kuɗin da muka kashe wajen abincin taron yau ya isa a ɗauki hoton kowane shafi na rajistar makarantu da dama a adana a kwamfuta, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin sakataren ilimi, ɗaya a fadar hakimi. Ina roƙon a sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna bayan sallar azahar, kuma in an amince, ni da abokan aikina tsofaffin hedimastoci mun san inda littattafan suke.